Raɓar Safe Ce Ke Tayar da Maganin

Jiya da muka gama feshin maganin funfuna a filin ciyawar gidan nan na GRA ka ce mini, "Maigida, ciyawa ta bushe tun la'asar, me ya sa ka ɗaure igiya ka ce kada yara su shiga sai jibi?" Na ga rana ta dafa ka, shi ya sa na bar amsar sai yau.

Tuna abin da muka kaɗa a tanki. Garin nan ruwan ɗorawa, mancozeb, ba ya ratsa ganye. A bayansa yake kwanciya kamar hoda a fuska, ya hana funfuna samun wurin kamawa. Bushewar da ka gani, ruwa ne ya tafi, maganin yana nan daram. To, a watan Agusta a Bauchi, wace safiya ce ba raɓa? Da ta sauka sai ta jiƙa shi ya koma ɗanye. Yaro ya fito ba takalmi ya yi birgima, ƙaninsa mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki, mai gida ya shimfiɗa darduma ya yi sallar walha. Duk sun ɗiba, ba wanda ya sani. Ba ya kayar da mutum nan take, shi ya sa ake raina shi. Amma yana sa ƙaiƙayin fata, kuma in ya daɗe yana shiga jiki yana taɓa wurin nan na wuya da maƙoƙo ke fitowa. Tarayyar Turai ma a 2020 ta ƙi sabunta masa izini. Don haka awa 24 ce mafi ƙaranci a wurina, gidan da ke da ƙananan yara kuwa ina ƙara kwana, sai rana ta busar da raɓa a kwance igiya. In rubutun jikin leda ya faɗi fiye da haka, shi za a bi. Ledar da ba lambar NAFDAC kuma kada ma ka karɓa.

Sai ciyawar da inji ya yanke bayan feshi. Nan ne yaranmu ke kwafsawa. Na taɓa tarar da wani maigadi ya cika buhu zai kai wa ragonsa, da ƙyar na raba shi da shi, har yana ganin rowa na yi masa. Yankan farko ba na dabba ba ne, rami ake haƙa masa nesa da rijiya.

Amma ɗana, gwanin aikin nan shi ne wanda tankinsa ke daɗewa a rataye. Yawancin tabon nan mai ruwan ƙasa da funfuna ke yi wa ciyawa mu muke jawo shi: ban ruwa da magariba ciyawa ta kwana a jiƙe, a zabga yuriya don mai gida ya ga kore shar, a yi yanka da dakusasshiyar wuƙa. Mayar da ban ruwa asuba, ka wasa wuƙar inji, ka rage taki da damina. In tabo ya fito, shi kaɗai za ka fesa da ɗan kewayensa, ba fili duka ba.

Na kuma lura da rigar feshi ka tafi gida jiya. Yau ka wanke ta ita kaɗai a bokitin shago, kada ta shiga wankin innarka.