Karan gona, gawo da ban ruwan yamma

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana tuna kakanku, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a kwashe karan gero kaf bayan girbi, ba ya bari a sare gawo, kuma ya hana ban ruwa a lambu da rana tsaka. Kana tambaya ko camfi ne. Ba camfi ba ne ko kaɗan, tattalin ruwa ne.

Mu nan ƙasar Daura, ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Abin da rana da iska ke iya ɗaukewa kuwa ya ninka haka wajen sau uku. Buɗaɗɗen tafki yakan yi asarar ruwa mai zurfin kusan mita 2 a shekara ba tare da kowa ya ɗebi ko guga ɗaya ba. Kada sanyin hunturu ya ruɗe ka, busasshiyar iska ce, tana shan ruwa dare da rana, sannan bazara ta zo ta ƙarasa. Madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam ma ba su tsira ba.

Lokacin da nake aikin malamin gona aka koya mana lissafin wani masani ɗan Rasha, Mikhail Budyko. Ya nuna cewa idan aka duba shekaru masu yawa a haɗe, ruwan sama kashi biyu yake rabuwa: wanda ya koma sama, da wanda ya gangara rafi ko ya nutse ƙasa. A inda ƙishirwar iska ta fi ruwan da ke sauka ƙarfi sosai, kusan duka sama yake komawa. Ɗan abin da ya rage shi ne rabon rijiyoyinmu, har da Kusugu.

To ka ga hikimar tsohon nan. Karan da aka bari kwance yana kare ƙasa daga rana, yana tare ƙurar da iska za ta kwashe, gara ta ci shi ta huhhuda ƙasa, ruwan farko ya sami hanyar shiga maimakon ya gudu. Ban ruwan yamma kuma, shuka ce ke kwana tana sha.

Gawo ne ya fi ba ni sha'awa. Shi kaɗai ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero hasken rana, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Je ka duba geron da ke ƙarƙashin gawo, zangarniyarsa daban take. Duk wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba zai ɗaga wa gawo gatari ba.

Na san yanzu kara ya zama kuɗi, ana bukatarsa don dabbobi da darni da girki, kuma ban ga laifin mai neman abin kai wa bakinsa ba. Amma raina na ɓaci in na ga gona an share ta tas tun watan Nuwamba. Bana ka gaya wa 'yan'uwanka su ɗebi na dabbobi, su bar sauran a kwance, kuma in suna sharar gona su ƙyale 'yan tohon gawon da ke gabas da rijiya. Ka gaishe min da mahaifiyarka.