Bishiyoyin Wilson suna nan a raye, me ake da takardunsa?

Tambaya: Salam malam. Na ji an ce jami'ar Harvard a Amurka tana ajiye da tsofaffin littattafan wani masanin tsirrai, Ernest Wilson, a lambun bishiyoyinta. To tunda bishiyoyin da ya kawo suna nan tsaye, me ake da takardu kuma?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wajen da kake nufi Arnold Arboretum ne a Boston, an kafa shi 1872, kuma ni a ganina in ka kwashe takardun nan to ya koma wajen shan inuwa kawai.

Wilson ɗan Ingila ne, ya fara zuwa Sin a 1899 yana yi wa kamfanin Veitch masu sayar da shuke-shuke aiki, daga baya Charles Sargent shugaban lambun na farko ya ɗauke shi ya sake tura shi a 1907. Aikinsa a daji shi ne duk tsiron da ya tsinka sai ya ba shi lamba, ya rubuta inda ya same shi da tsawon dutsen da kalar furen da watan, lambar nan kuma ita ke bin irin da ya aiko, ita ce a kan reshen da aka danne aka busar aka manna a takarda, iri na isowa Boston a ba shi wata lambar ta shigowa a rataya ɗan ƙarfe a jikin bishiyar. Akwai wata bishiya, Acer griseum, mai ɓawo yana ɓarewa da ya kawo 1907, har yau tana nan, daga ƙarfen jikinta za ka bi ta har lardin Hubei a Sin.

Amfanin fa? A lambu bishiyoyi na barbarar juna, irin da ka tsinta a ƙasa ba ka da tabbacin ubansa. Mai bincike kuwa so yake ya san wannan daga daji ta fito kuma wane dajin, ballantana in an sare dajin yanzu.

Kwanan watan ma da ake rainawa ya yi rana. A 2004 masanin tsirrai Richard Primack da abokan aikinsa sun gwada busassun furannin da aka tsinka a lambun da bishiyoyi masu rai, suka ga tsakanin 1980 da 2002 fure na rigan fitowa da kamar kwana 8 in aka kwatanta da 1900 zuwa 1920, saboda ɗumamar Boston. Waɗanda suka rubuta ranakun ko a mafarki ba su yi tunanin haka ba.

Sai hotuna. Da ƙatuwar kyamara mai faifan gilashi Wilson yake yawo, har lokacin da duwatsu suka zubo suka karya masa ƙafa a Sichuan a 1910 da ƙafafun kyamarar aka ɗaure karayar. Wani masani ɗan Sin, Yin Kaipu, ya bi wuraren ya sake ɗaukarsu don a ga abin da ya canza.

Amma fa in za ka yi aiki da takardun ka yi hattara, sunayen garuruwan da tsohon rubutun Turawa ne, Ichang ɗinsa ita ce Yichang ta yau, wasu ƙauyukan sai an sha wuya kafin a gano su. Kuma mutanen Sin da suka yi ta hawa dutse da shi suna tsinko irin, da wuya ka ga sunansu, Wilson kawai ake rubutawa a kan takardar.