Ya hana ni sakat a Facebook, ga biki ya matso

Assalamu alaikum Anti. Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Tun da maganarmu da tsohon saurayina ta lalace bai bar ni na huta ba. Ni ban yi masa komai ba. A gida aka ce ya turo, ya yi ta hanya-hanya, aka ba wani. To laifina ne? Shi ne ya buɗe shafi a Facebook da sunana da hotona yana rubuta maganganun da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Na toshe shi, ya buɗe wani. Na sake toshewa, ya sake buɗewa. Ina sayar da turare da atamfa a Instagram, yanzu duk abin da na ɗora sai ya bi ƙasa ya rubuta wai kada a sayi kayan 'yar iska. Masu saye sun fara janye jiki. Har guruf ɗinmu na makaranta a WhatsApp abin ya kai, mutanen da muka zauna aji ɗaya, ba wanda ya ce a bari, sai tura wa juna suke yi.

Akwai kuma hotunana na sirri da na tura masa, ai kin san yadda ake yi lokacin da ake tare, ban taɓa zaton ya ajiye su ba. Ya ce zai tura wa wanda zan aura da danginsa. Har kuɗin da ya nema na tura masa ko zai yi shiru, bai yi ba. Ni abin da ya fi ci min rai 'yan ajinmu ne, Anti, me na yi musu? Ba na barci, ba na cin abinci, waya na yin ƙara gabana zai faɗi. Mama tana ta tambaya, ina ce mata zazzaɓi ne. Ko in rufe shafukan in haƙura da sana'ar? Ni ban yi masa komai ba.

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yaye miki. Ban ji ta bakinsa ba, kuma ba halina ba ne yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Amma namijin da aka ce ya fito ya kasa, ya koma bayan waya yana ci wa 'yar mutane mutunci, ba ni da uzurin da zan nema masa.

Kin ce kin tura masa kuɗi, kika wuce kamar ba komai ba. A nan ni na tsaya. Ranar da ya ce ki ba shi kuɗi ko ya tona ki, magana ta tashi daga zagi ta koma ƙwace. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya hau kan mai barazanar ɓata sunan wani don ya karɓi kuɗi, kuma hukuncin har da ɗauri. Kada ki ƙara tura masa ko kwabo, domin wanda ya karɓa sau ɗaya ya gane kina tsoro, zai dawo. Kuɗin nan da kike jin kunyarsu su ne babbar hujjarki. Shafin Facebook kowa na iya buɗe shi da sunan bogi, asusun banki kuwa a ɗaure yake da BVN ko NIN ɗin mai shi. Ki nemo shaidar turawar ki adana.

Kada ki goge komai. Ki ɗauki hoton kowane saƙo yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki kwafe adireshin shafukan bogin, sannan ki kai ƙararsu ga Facebook a matsayin masu amfani da sunanki. Hotunan kuma ki shiga StopNCII.org, wanda aka buɗe a 2021 don 'yan shekara 18 zuwa sama. Hoton ba ya barin wayarki, wata lamba ake cirowa daga jikinsa a ba Facebook da Instagram da TikTok su tare shi idan an zo ɗorawa. Wadda ba ta kai 18 ba, nata shi ne Take It Down. Daga nan sai sashen binciken manyan laifuka na 'yan sandan jiharki, ko cibiyarsu ta laifukan intanet da ke Abuja. Kada ki je ke kaɗai. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa mata irinki ba tare da kuɗi ba.

Kafin duk wannan, ki zaunar da Mama a daren nan ki gaya mata gaskiya har da maganar hotunan. Za ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka, amma ba za ta yar da ke ba. Ɓoyewarki ce ƙarfinsa. Manya su za su san yadda za su tunkari gidan ango, gara su ji daga bakinku da su ji daga nasa. Tura hoton kuskure ne, wannan tsakaninki da Ubangijinki, ki tuba. Yaɗa shi kuma laifinsa ne shi kaɗai.

Ku kuma 'yan guruf, da ku nake. Kuna turawa kuna cewa "innalillahi, ku ga abin da duniya ta zama", alhali da hannunku ake yaɗawa. Ku buɗe Suratun Nur aya ta 19 ku ga abin da aka tanada wa masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Shugaban guruf da ya gani ya ƙi gogewa, da shi a ciki.

Sana'arki kada ki rufe. Ki taƙaita masu iya yin sharhi a ƙasan kayanki, ki canza kalmar sirri, ki ci gaba da ciniki. Ki sake rubuto min bayan kun yi magana da Mama.