Amsar Yaya Kabiru ga Sadiƙu kan 'yar Mazda mai kujera biyu

(An mayar da wannan muryar rubutu saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Sadiƙu, na ji muryarka tun da la'asar, lokacin ina maƙale a cunkoson AYA a nan Abuja, na ce bari in kai gida in ci tuwo tukuna, don wannan ba maganar tsaye ba ce. Ga waɗanda ba su saurara ba, ƙanin namu ne ya ga wata Mazda MX-5 'yar Amurka, ta 2016, manuwal, kujera biyu, rufinta na naɗewa, ta kwanta masa a rai. A gefe guda kuma an nuna masa Lexus IS 350 ta 2012 mai ƙofa huɗu. Kuma kowacce zai ɗauka sai ya sayar da Corollarsa ya cika kuɗin. Shi ne yake tambaya wacce.

To ni dai ba zan bi sahun Alhaji Bala ba, da ya ce wai motar wasan yara ce. Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban yarda ba. Motar nan tun 1989 ake ƙera ta, kuma a 2016 an ƙera ta miliyan ɗaya. Mutum miliyan ba za su taru su sayi abin banza ba. Sirrinta ba ƙarfi ba ne, don ta 2016 ɗin nan ƙarfin doki 155 kawai gare ta, Camry mai silinda huɗu ma ta fi ta a takarda. Sirrin rashin nauyi ne. Kilo dubu da 'yan kai ce gaba ɗayanta, tana ja da tayoyin baya, kana zaune can ƙasa kamar a kan tabarma, giyar tana nan daidai inda hannunka zai faɗi. Ka ɗan karkata sitiyari, kafin ka gama tunani ta riga ta juya. A gudun 80 za ka ji kamar kana 140, kuma wannan shi ne alherinta, za ka ji daɗin ba tare da ka kai gudun da zai sa a yi maka salla ba. Saboda haka abin da zuciyarka ta gani gaskiya ne, ba ruɗi ba ne. Kana ji na ko?

Amma fa ni na taɓa shan wannan ruwan, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wasunku sun tuna 'yar jar motar nan tawa mai ƙofa biyu, ba sai na kira sunanta ba, don ba laifinta ba ne, laifina ne. Ni ma sai da na sayar da motar hawana na saye ta. Satin farko ko barci ba na iya yi sosai. Ana idar da sallar asuba ranar Asabar zan fita, in hau titin filin jirgi, layi biyar nan layi biyar can, ba kowa sai masu shara, in sauke gilashi ina jin kukan injin yana dawowa daga ƙarƙashin gada. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

To sai Litinin ta zo. A ƙofar rukunin gidajenmu na Gwarinpa akwai tudun nan na rage gudu, irin wanda mazauna unguwa suke haɗa kuɗi a zuba musu da siminti, ba awo ba komai, kamar kunyar doya. Kullum sai na karkace motar na hau shi a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, ina cije leɓe, na baya suna ta danna min oda. Maigadinmu, Baba, har katako ya samo guda biyu yana ajiyewa a gefen rumfarsa, da ya hango jar mota sai ya taso ya shimfiɗa min. Ka ga an kai inda dattijo ke yi wa mota shimfiɗa. Ranar da Baba ya tafi gida ganin iyali, ni kuma ina sauri, na manta. Ƙarar da na ji a ƙasan motar, ƙurrr, sai da na ji ta a haƙorina. Da safe na fito na tarar da baƙin mai ya yi tafki a ƙarƙashinta, kaskon ƙasan injin ya tsage. Muka zagaye kasuwar kayan mota ta Apo kaf babu, aka buga Ladipo a Legas babu, aka tambaya Fanteka a Kaduna suka ce ba su ma taɓa gani ba. Sai odarsa aka yi daga waje. Sati biyar ina hawa tasi zuwa ofis, ga mota a gida an lulluɓe ta da tamfol, yara suna wasan ɓuya a bayanta.

Wannan ma duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa na sayar da ita, Hajiya ce ta zo daga Jos ganin likita. Na je tashar Jabi ɗaukar ta, ka san Hajiya ba ta zuwa hannu rabbana: rabin buhun dankalin Turawa, kwandon tumatir, kabeji, ga kular abinci, ga jakarta, ga yarinyar da ta rako ta. Ta tsaya ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Kabiru, ina sauran motar?" Ƙarshe tasi na ɗaukar musu, ni ina biye da su a baya ni kaɗai kamar ɗan rakiya. Ranar kunya ta kama ni ƙwarai.

Yanzu dubi naka lissafin. Kana zaune a Mararaba, aikinka yana Wuse. Kai ka fi ni sanin abin da ake sha daga Nyanya zuwa AYA da safe. Awa ɗaya, wani lokaci biyu, kana taka kuloci kana saki, taka saki, har ƙafar hagunka ta fara rawa. Manuwal a buɗaɗɗen titi ni'ima ce, a wannan hanyar kuwa horo ne. Ga ka can ƙasa, salansar kowace tifa daidai hancinka, direban babbar mota ma ba lallai ya gan ka a madubinsa ba. Rufin nan da ake naɗewa kuma, kwana nawa za ka buɗe shi? Watan Maris da Afrilu rana za ta gasa maka ƙeya, da damina ruwa, da hunturu ƙura ta cika maka ido da kujera. But ɗinta lita 130 ne, jakar tafiya biyu ƙanana ta cika, kuma ba ta zuwa da safayar taya, ɗan abin liƙe faci ne da famfo. Ka yi tunanin rami ya yaga maka taya tsakanin Akwanga da Forest a hanyar Jos da yamma. Sannan uwa uba, Maman Hanan fa? Kujera biyu ce. Kai da ita kun cika mota, Hanan a ina, a cinya? Ka san wannan ba zan goyi baya ba ko da wasa.

Af, dakata, muryar ta yanke, bari in ci gaba.

Yauwa. Ka tuna Kawu na Bauchi, Allah ya jiƙansa, da dokinsa na hawan salla? Dokin nan a shekara bai fi 'yan kwanaki ake yi masa ado a hau ba, amma kullum sai ya ci harawa da dusa da gero, a ba shi kanwa, a wanke shi, a fita da shi kilisa don kada ƙafarsa ta riƙe. Babu wanda ya taɓa ce wa Kawu ya yi asara, don ranar hawa in ya ratso kowa ya san an yi doki. Amma gona da kasuwa a kan babur ɗinsa yake zuwa, kuma bai taɓa sayar da babur ɗin don ya sayi doki ba. To motar ƙarshen mako haka take. Ko ba ka hau ba tana ci: batir ya sauka, tayoyi su kwanta gefe ɗaya, fetur ya tsufa a tanki, ɓeraye su shiga su ci wayoyi, takardu su ƙare ka sabunta. Mota ce ta biyu, haka aka ƙera ta. Kai kuma so kake ka mayar da ita ta ɗaya tilo, kuma a nan ne matsalar take, ba a jikin Mazda ba.

Sai Lexus ɗin. Ba zan ruɗe ka in ce daɗinsu ɗaya ba, taura biyu ba ta taunuwa. Tana da ƙarfin doki 306, silinda shida, lita 3.5, ita ma da tayoyin baya take ja, in ka taka ta a titin Kubwa za ta manna ka da kujera, Mazda ko ƙurarta ba za ta gani ba. Amma ta fi ta nauyi da wajen rabin tan, kuma otomatik ce zalla, ba a yi ta da manuwal ba. A kwana za ka ji nauyin nan, za ka ji motar tana yi maka aikin maimakon ku yi tare. Kujerar bayanta ma matsattsa ce, dogon mutum zai sha wuya. Amfaninta dai, injinta dangin na Camry mai V6 ne, duk wani bakanike na kirki a Apo ko Farin Gada ta Jos ya san cikinsa, kaya kuma in ba a samu a Apo ba, to za a samu a Dilimi ta Jos. Sai dai ka shirya wa mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, aka cire tallafi ta haura 500 a satin, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu a Abujan nan. A wannan fannin kam Mazda ta fi ta nesa ba kusa ba, ɗan injinta ba ya shan mai, in ba ta haƙƙinta.

Wani ya kawo maganar Toyota 86 a sama, ina jin Mubarak ne. Shawara ce mai kyau. Toyota da Subaru ne suka haɗu suka yi ta a 2012, a Amurka da farko Scion FR-S ake ce mata, ƙarfin doki 200, akwai manuwal, rufinta ƙarfe, akwai 'yan kujeru a baya da yaro zai iya zama. Ita ce ta fi kusa da abin da kake nema. Amma kar sunan Toyota ya yaudare ka, injin cikinta na Subaru ne, mai kwantattun silindoji, ba kowane mai gyaran Corolla zai taɓa shi ba. Kuma ita ma ƙasa take sosai, tudun Gwarinpa bai san Toyota ba. Golf GTI kuwa ƙofa huɗu, but mai faɗi, ga tobo mai cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ita ce ta fi iya haɗa aiki da wasa, sai dai giyarta ta otomatik da ake kira DSG tana son a canza mata mai duk kilomita 60,000, da nata man ba kowane ba. Kuma in ka shiga Jos da ita wani zai ɗauka tasi ce, ya ɗaga maka hannu ya ce Bukur, don a wurin mutanenmu Golf Golf ce.

Tunda na ambaci Jos, akwai abin da ba a cika faɗa ba. Garin yana sama da teku da kusan mita 1,200, iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka injin da ba shi da tobo yakan rasa wajen kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa. Lexus ba za ta damu ba, tana da rara. Mai doki 155 kuwa za ka ji bambancin. Duk da haka, in ka ce in zaɓi motar da zan hau Hawan Kibo da ita da sassafe, kafin tireloli su fito, hazo yana kwance a kan duwatsu, ina giya ta uku ina shan kwanonin nan ɗaya bayan ɗaya, wallahi Mazda zan ɗauka, ba na ko waiwaye. Amma sau nawa kake zuwa gida a shekara? Salla biyu, sai biki ko rasuwa. Kuma duk zuwan da iyali ne.

Abu biyu in ƙara, ko wacce ka tsaya a kai. Fetur ɗinmu iri ɗaya ne a famfo, su kuwa waɗannan motocin, har da Lexus ɗin, mai kyau aka rubuta musu, saboda haka ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi. Mun ga abin da gurɓataccen man Fabrairun 2022 ya yi wa motoci a garin nan. Na biyu, 'yar Amurka ce, to ka karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, ka duba tarihinta a intanet kafin ka ba da ko sisi. Da yawansu daga gwanjon motocin haɗari ake sayo su, a buga a yi fenti, wasu ma ambaliya ce ta shanye su. Irin wannan motar kuma wasu tsere suke yi da ita. Kar kuma wani ya ce zai kawo maka mai araha daga Japan, sitiyarinta a dama yake, mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda da irinsu ba, juya sitiyari kuma ɓata mota ne.

To ga tawa a taƙaice, ƙanina. In za ka iya barin Corolla a gida ka sayi Mazdar a kanta, ko da sai baɗi, saya, ni ne farkon wanda zai zo aro. In kuwa dole sai Corolla ta tafi, to Mazda ta fita daga lissafi, Lexus ɗin za mu duba. Har ga Allah ma ni na fi son ka riƙe Corollar ka ƙara tari.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka biyo ta gidana ƙarfe bakwai, mu ɗauki bakanikena mu je mu ga duka biyun, a ɗaga su mu leƙa ƙasa. Ka roƙi dillalin ya bar mu mu fito da Mazdar, mu kai ta har layinku mu ga ko za ta haye kwalbatin ƙofar gidanka. Kuma ka zo da Maman Hanan, kada ka ce za ka ba ta labari daga baya. Ka gaishe ta, ka shafa min kan Hanan. Sai da safenku.