Tambaya da Amsa: Neman Sawun Sojojinmu na Yaƙin Jamus

Tambaya: Assalamu alaikum. Da muke kwashe kayan marigayi mahaifinmu, mun tarar da lambobin yabo guda biyu a cikin wata tsohuwar adaka, ɗaya fara, ɗaya ruwan tagulla. A gida ana cewa na kakan mahaifinmu ne, wanda ya je "yaƙin Jamus", sunansa Audu. Ban da wannan babu abin da muka sani. Ta ina za mu fara? — Wani mai karatu daga Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fara da tantance wane yaƙi ne, domin tsofaffi kan kira na 1914 da na 1939 duka yaƙin Jamus. Lambobin da ke hannunka za su raba gardama. Idan farar tana ɗauke da kan Sarki Joji na Biyar, a bayanta kuma akwai mahayin doki da shekarun 1914 da 1918, ta Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, ta azurfa, faɗinta milimita 36. Ta tagullar, idan tana da hoton mace mai fukafukai, abokiyar tafiyarta ce, lambar nasara. Wanda ya shiga fagen daga kafin ƙarshen 1915 yana da ta uku, mai siffar tauraro. Sa'ar da kuka yi ita ce, lambobin yaƙin farko an buga musu sunan mai su, alhali na yaƙi na biyu, wato yaƙin Bama, Ingila ta raba su babu suna.

Rubutun yana gefen lambar, wato a kaurinta, ba a fuska ba. A tauraron kuwa yana baya. Kada ka goge ta da toka, yashi, lemon tsami ko man goge ƙarfe, don harufan ba su da zurfi, guga kaɗan zai cinye su. Ruwan ɗumi da sabulu mara kaifi da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa, sannan ka tsane ta sarai da ƙyalle. Ka shiga ɗaki mai ɗan duhu, ka haska fitilar waya daga gefe, a kwance, kana juya lambar a hankali. Inuwa za ta fito da harufan. Gilashin da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido yana taimakawa ƙwarai. Ka ɗauki hoto kashi-kashi har ka zagaye ta.

Abu huɗu za ka gani a jere: lambar soja, muƙami, suna, runduna. PTE farabiti ne, CPL kofur, SJT saje, CSM samanjan kamfani. NIG. R. na nufin Rundunar Nijeriya, adadin da ke gabanta kuma bataliya ce.

To a nan ne mutane ke ɓata, domin suna suke bi, alhali lambar soja ce jagora. Akawun Bature kan rubuta sunan yanka ya liƙa masa gari ko ƙabila: Audu Kano, Musa Katsina, Ali Beriberi. Masu suna Audu Kano a rundunar ba su da iyaka. Kuma "Kano" ɗin ba lalle garin haihuwa ba ne. Yana iya zama lardi, ko inda aka ɗauke shi. Ga rikicin rubutu: Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Mamman ya koma Moma, Usman ya koma Osuman. Akwai ma waɗanda suka ba da sunan da ba nasu ba, musamman bayin da suka gudo da waɗanda hakimai suka tura ala tilas. Saboda haka duk takardar da ka samu, sai lamba da runduna sun dace da na hannunka kafin ka ce shi ne. Lamba kaɗai ma ba ta wadatar ba, tunda wata rundunar na iya ba wani mutum irin wannan adadin.

Bataliyar za ta nuna maka inda ya taka. A 1914 aka haɗe rundunonin Arewa da Kudu suka zama bataliya biyar: ta 1 a Kaduna, ta 2 a Lokoja, ta 3 a Kalaba, ta 4 a Legas, ta 5 kuma, ta mahaya dawaki, a nan Kano, zamanin Sarki Abbas. Waɗannan mahayan ne suka gwabza da Jamusawa a Tepe, a Kamaru da ke hannun Jamus a lokacin, ranar 25 ga Agusta 1914, kwanaki kaɗan kafin harin farko a kan Garwa, wanda ya watse aka kashe kwamandansa, Maclear. Garwa ba ta faɗi ba sai a Yuni 1915, Banyo a Nuwamba, dutsen Mora kuwa sai 18 ga Fabrairu 1916 kwamandan Jamusawa, von Raben, ya miƙa wuya. Daga nan aka haɗa birged ƙarƙashin Janar Cunliffe, ta sauka Darussalam, a Gabashin Afirka, a Disamba 1916, ta sha yunwa a daminar kogin Rufiji, ta yi asara mai yawa a Mahiwa daga 15 zuwa 18 ga Oktoba 1917. Idan ka tarar da tauraro a cikin kayan, to kusan tabbas ya ga Kamaru. A lura dai, an yi ta sauya wa sojoji bataliya kafin tafiya Gabashin Afirka.

Takardun kansu akasari suna ma'adanar tarihi ta Ingila da ke Kew, a Landan, kuma ana bincika kundinta ta intanet. WO 372 katunan lambobin yabo ne, WO 329 rajistar waɗanda aka ba, WO 95 littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, CO 445 kuma wasiƙun rundunar Afirka ta Yamma. Ka gwada lambar soja da kowane salon rubutun sunan. Kada ka sa rai da yawa a kan WO 95: hafsa Bature ana kiran sunansa, namu kuwa sau da yawa adadi ne kawai, "an kashe shida", sai fa wanda ya yi wata bajinta. Abin takaici ne, amma ko haka zai gaya maka inda kamfaninsa yake a rana kaza. A gida, ka leƙa ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin lardin Kano, sannan Gidan Ɗan Hausa. Kafin duk wannan, ka zauna da mafi tsufa a dangi da na'urar ɗaukar murya, ka tambayi laƙabinsa, tabon jikinsa, da sunayen garuruwan da yake ambata. Kalma ɗaya kamar "Mora" ta fi shafi goma amfani.

Tambaya: Muna da hoton wani soja sanye da jar dara, babu rubutu a bayansa. Za a iya gane zamaninsa? — Wata mai karatu daga Gwale.

Amsa: Hajiya, jar dara da ɗamara kayan fareti ne da aka daɗe ana sawa, ba za su ba ki shekara ba. Ki duba bajon da ke da bishiyar dabino ko kwakwa, da harufan kafaɗa. WAFF, wato rundunar Afirka ta Yamma, kafin 1928 ne. RWAFF daga 1928 zuwa sama. Malafa mai faɗin baki da takalmi sau-ciki sun fi karkata ga zamanin yaƙin Bama, don sojojin 1914 galibi ba takalmi suke fareti ba. Igiya ɗaya a hannu las kofur, biyu kofur, uku saje. Idan akwai lambobi a ƙirji ki ƙirga su, ki dubi siffarsu. Fuska kaɗai ba hujja ba ce, kuma kada ki yi rubutu da biro a bayan hoton. Fensir mai laushi ya fi.

Tambaya: Namu ya tafi bai dawo ba. Akwai inda aka rubuta sunayen mamatan? — Daga Ƙofar Mata.

Amsa: Allah ya jiƙansa. Hukumar kula da kaburburan sojojin Kwamanwel, CWGC, tana da rajista a intanet kyauta, kuma akwai ginshiƙan tunawa a Zariya, Lokoja, Kalaba, Ibadan da Abuja. Rashin ganin sunansa ba ya ƙaryata labarin gidanku. A 2021 hukumar ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su sam. 'Yan dako, masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, su abin ya fi shafa. Ku kuma faɗaɗa neman: Hausawa da yawa sun yi aiki a rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, wasu ma a ɓangaren Jamus. Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, sojan Jamus ne aka kama a Garwa a 1915 kafin ya shiga Rundunar Nijeriya. Idan an ce naku daga Adamawa ko Borno ya shiga soja, ku fara tambayar wa ya yi wa yaƙi.