Zuba fetur a tankin kwalekwale: a cikin jirgi ko a tudu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tuƙa kwalekwale mai injin Yamaha doki 40, ina jigilar mutane da kaya ranar kasuwa tsakanin Yauri da ƙauyukan tsallake. Tankina irin jan nan ne na roba da ake ɗauka da hannu, mai cin lita 25. Na saba idan mai ya yi ƙasa sai in ɗauko jarka in tuttula masa a inda yake cikin jirgi, wani lokaci ma ba na kashe inji don kada fasinja su ƙosa. Wani makanike ya ce min ganganci nake yi. Shin da gaskiyarsa? Sannan tankin yana kumbura idan rana ta buga shi, kuma sau biyu inji yana mutu mini a tsakiyar ruwa jim kaɗan bayan na cika shi. Mene ne dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Makaniken nan da gaskiyarsa, kuma ka riƙe shi da kyau. An yi wa tankin nan hannu ne don a fito da shi daga jirgi, a ajiye shi a ƙasa, a cika shi a can, sannan a mayar.

Abin da ke kama wuta ba ruwan fetur ɗin da kake gani ba ne, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin bazara na Kebbi. Tururin kuma ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Gangarowa yake yi ya kwanta a wuri mafi zurfi. To kwalekwale kuwa kamar akushi yake: duk abin da ya gangara cikinsa ba shi da mafita. Duk lita ɗaya da ka zuba a tanki tana koro lita ɗaya ta iska mai cike da tururi daga ciki. Idan ka zuba lita 20 kana cikin jirgi, ka saki lita 20 na wannan iska a ƙarƙashin katakon zama, tsakanin buhuna da ƙafafun mutane, ban da wanda ya zube. Kaɗan ake buƙata: idan tururi ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Tartsatsin kuma ba ya wuya a jirgin kasuwa. Akwai wayar fulogi da robarta ta tsage, akwai kan batir da bai ɗauru ba, akwai mai sigari a baya, akwai matar da ta shigo da kurfoti da sauran garwashi a ciki. Inji mai aiki shi ne mafi kusa da tankin a cikinsu duka, don haka zuba mai ba tare da an kashe shi ba ba abin da za a yi muhawara a kansa ba ne.

Akwai kuma wani tartsatsin da ba ya buƙatar inji ko ashana. Ka san yadda rigar leda take ƙara tas-tas idan ka cire ta da daddare lokacin hunturu? Irin wannan lantarkin gogayya yana taruwa idan fetur yana gudu cikin tiyo ko yana zuba daga jarkar roba. Idan tankin yana zaune a kan ƙasa, lantarkin yana samun hanyar tsiyayewa. Idan yana kan busasshen katako, ko kan roba, ko a bayan a-kori-kura mai shimfiɗa, sai ya taru, ya yi tsalle daidai bakin tanki, inda tururi ya fi yawa. Busasshiyar iskar hunturu ta fi taimaka masa. Shi ya sa ko a gidan mai, idan ka kai tankin a mota ko a babur, sauke shi ƙasa za ka yi kafin a zuba, kuma bakin famfon ya riƙa taɓa bakin tankin tun daga farko har a gama.

Ga yadda aikin yake a bakin gaɓa. Ka ɗaure jirgi da kyau, ka kashe inji. Ka cire tiyon mai daga jikin tanki ta hanyar danna maƙallin da ke kan mahaɗin, kada ka finciko shi, kuma ka tara tsumma don ɗigon da zai fito. Ka fitar da tankin zuwa tudu, wuri mai iska, nesa da masu suya da masu shayi, ka dasa shi a ƙasa daidai ba a karkace ba. Ka tsaya ta inda iska take fitowa, ta kwashe tururin daga fuskarka. Kafin ka buɗe murfi, ka fara sassauta ƙaramin noti da ke tsakiyar murfin, wato mashaƙar iska, ka bari ya gama huci, sannan ka kwance babban murfin a hankali. Ka sa mazurari mai rariya, ya zauna sosai a bakin tanki, bakin jarka kuma ya jingina da mazurarin, ka zuba sannu ba tare da fantsama ba. Da ka gama ka rufe murfi, ka ɗaure notin iska, ka goge jikin tanki, ka ba shi 'yan mintoci ya sha iska kafin ya koma jirgi. Tsumman da ka yi gugar kada ya bi ka ciki. Cikakken tanki yana kai kilo 20 ko kusa da haka, saboda haka ka miƙa wa yaron jirginka shi daga tudu, kada ka taka gefen jirgi da shi a hannu.

Kada ka cika shi fal. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10. Man da ka zuba da sanyin asuba, idan rana ta ɗaga zafinsa da digiri 20, lita 25 za ta ƙaru da kimanin rabin lita, kuma idan babu fili sai ta fito ta murfi ta kwanta a cikin jirgi. A tanki mai lita 25 ka tsaya a lita 22 ko 23. Yawancinsu suna da layi a jiki da ke nuna iyakar cikawa.

Tunda injinka doki 40 ne na jigila, mai yiwuwa irin mai bugu biyu ne, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Awon da aka fi amfani da shi shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 20 a kowace lita. Lita 10 tana cin mililita 200, lita 20 tana cin 400, lita 23 tana cin 460. Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistin da ringi, ana ninka masa zuwa kashi 25 da 1 a sa'o'i goma na farko. Ka duba takardar da ke manne a jikin injin ko littafinsa, abin da suka ce shi ne gaba da maganar kowa. Lissafin kuma a kan man da ka ƙara ake yin sa, ba a kan girman tanki ba: idan akwai saura lita 5 gaurayayye a ciki ka ƙara 15, baƙin man lita 15 za ka sa, mililita 300. Ka fara zuba baƙin man da fetur kamar lita 3, ka rufe, ka girgiza, sannan ka ƙarasa. Idan ka zuba shi a ƙarshe ba ka girgiza ba, zai kwanta a gindi, inji ya sha shi da kauri da farko ya yi ta hayaƙi, daga baya ya sha fetur kusan tsura. Ƙarancin baƙin mai yana sa fistin ya kama, yawansa kuma yana toshe fulogi da baƙin toka. Ka nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, shi aka yi wa injin da ruwa ke sanyaya shi. Na mota bai dace ba, komai arharsa. Awo da ido ko da "kamar rabin kwalba" shi ne ke kai injuna da yawa wurin makanike. Ka yanka layi a jikin wata roba ka mayar da ita ma'auni na dindindin. Idan kuwa injin mai bugu huɗu ne, ba a gauraya masa komai.

Kumburin tanki kuwa tururi ne ya taru saboda notin iska yana rufe rana kuma tana dukansa. Ɗan kumburi ba lalacewa ba ne, amma yana da illa biyu. Idan tiyo yana haɗe, matsin yana iya tura mai ya cika kafireta har ya zubo, inji ya ƙi tashi. Idan kuma ka buɗe murfi da gaggawa, yana iya feso maka mai a ido. Maganinsa inuwa: ka rufe shi da tabarma ko jiƙaƙƙen buhu ta yadda iska za ta riƙa ratsawa, ka cire tiyo idan za ka daɗe a tsaye. Tankin da ya kumbura ya ƙi komawa siffarsa, ko ya fara fari-fari yana tsagewa a kusurwa, ya gama aiki. Ba a liƙe tankin fetur da wuta ko da gam.

Mutuwar injinka bayan cikawa, abu na farko da za a zarga shi ne wannan notin dai. Ƙa'idarsa ita ce a rufe shi lokacin ɗauka, a buɗe shi zagaye biyu ko uku lokacin tafiya. Idan ka manta shi a rufe, inji zai tashi lafiya ya yi tafiyar wasu mintoci, amma da yake iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita, sai tankin ya fara tsotsewa ciki, mai ya daina zuwa. Cikakken tanki ya fi saurin yin haka saboda iskar da ke cikinsa kaɗan ce, shi ya sa abin yake faruwa jim kaɗan bayan cikawa. Ƙwallon robar da ke tsakiyar tiyo, wanda kake matsawa kafin ka ja igiyar tayar da inji, zai gaya maka gaskiya. Idan ka same shi ya lotse ya manne, ko notin iska a rufe yake ko rariyar bututun da ke cikin tanki ta toshe. Idan kana matsa shi ya ƙi yin tauri, iska ce ke shiga ta wani wuri: mahaɗin bai zauna ba, ko robar cikinsa ta cinye, ko tiyo ya tsage, ko an juya shi. Akwai kibiya a jikin ƙwallon, kuma inji take nunawa. Idan ya yi tauri amma inji yana tari yana mutuwa, to ka zargi man kansa.

Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, bututun da ke zuƙo mai kuma daga gindin yake sha. Zuba sabon mai yana tayar da ruwa da dattin da suka kwanta. Ruwan yana shiga ta murfin da robarsa ta mutu, ta notin iska lokacin ruwan sama ko igiyar ruwa, da kuma ta jarkar da aka saya a hannun 'yan bumburutu ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba. Ka tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyar. Idan akwai ruwa za ka ga layinsa a ƙasa. Sai a juye tankin gaba ɗaya a tudu, a wanke ƙaramin kofin tace mai da ke ƙarƙashin murfin inji, a kwance notin da ke gindin kafireta a zubar da abin da ya taru. Man da ya yi watanni a ajiye, musamman gaurayayye, shi ma yana yin danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta.

Saura batun mai ya ƙare maka a tsakiyar ruwa, wanda shi ne ainihin abin da ke sa ka tuttula daga jarka. Injin doki 40 mai bugu biyu, idan an murɗe shi har ƙarshe, yana iya shan kusan lita 20 a sa'a, wato tankinka bai fi na sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba. Rage wuta kaɗan yana rage shan sosai. Ka raba manka uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana saboda iska, lodi da hawan ruwa. Abin da ya fi dacewa shi ne tanki na biyu irin wannan, cikakke kuma gaurayayye tun daga tudu. Idan na farko ya yi ƙasa, ka kashe inji, ka mayar da tiyo kan na biyu, ka buɗe notin iskarsa, ka matsa ƙwallo har ya yi tauri, ka tayar. Ba a buɗe murfi ba, ba a zubar da ko ɗigo ba, kuma bai kai minti ɗaya ba.  Jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa da kowa ke amfani da ita ba don fetur aka yi ta ba: murfinta yana yoyo, rana kuma tana cin jikinta. Idan tilas ta sa sai ka zuba daga jarka, ka nemi gaɓa ko tsibiri mafi kusa ka tsaya. In babu, ka kashe inji, a kashe duk wata wuta, mutane su matsa gaba, ka yi amfani da tiyo mai famfon hannu maimakon tuttulawa, kuma kada ka ja igiya sai warin ya tafi daga cikin jirgi. Ka sunkuya ka sansana can ƙasa, don a can yake kwanciya. Zuƙo fetur da baki kuwa ka bar shi har abada. Kaɗan da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana jawo ciwon huhu mai tsanani, wanda ya haɗiye shi kuma ba a sa shi amai, asibiti ake kai shi.

Idan mai ya zube cikin jirgi, kada ka kwashe shi da ƙwarya ka watsa a kogi. Ruwan nan shi mutanen gaɓa ke sha, kuma a cikinsa kifi ke ƙyanƙyasa. Ka tsane shi da yashi ko tsumma ka fitar tudu. Idan kuma wuta ta kama, Allah ya kiyaye, ruwan da ke kewaye da kai ba zai taimake ka ba, domin fetur yana yawo a kan ruwa, watsa masa ruwa baza wutar yake yi. Ka ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda, ko mai kilo 2 ce, a inda hannunka zai kai ba tare da ka tsallake tanki ba, ka nufi gindin wutar da ita, ba harshenta ba. Ƙaramar wuta ana iya danne ta da yashi ko jiƙaƙƙen bargo mai kauri. Tankin kansa ka ɗaure shi da igiya a wurinsa don kada ya riƙa zamewa yana jan tiyo, kada a ɗora masa buhun kaya, kuma kada ya zauna kusa da batir.