Abin da ya sa romonka ke ɗaci

Jiya bayan mun rufe shago ka tambaye ni: kifi ɗaya muke saye, tukunya iri ɗaya, to me ya sa romon ramen ɗinka, wato taliyar Japan mai romo, yake fitowa da ɗaci da ƙarni, nawa kuma garau? Na leƙa tukunyarka da safen nan, tun ban ɗanɗana ba na gane. Wuta ta yi yawa, ɗana.

Hannunka ya saba da romon ƙashi, wanda ake bari ya wuni yana tafasa har ya yi fari kamar madara. Romon kifi ba ya son haka.

Fara daga niboshi, ƙananan busassun kifin nan dangin sadin. Ɗacin yana cikin kai da hanji. Sai ka zauna ka tsinke kan, ka tsaga cikin da farce, ka fitar da baƙin abin nan ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, na sani, ni ma na yi shekaru ina yinsa kafin maigidana ya bar ni in taɓa ludayi. Ka kuma dubi launinsa. Mai kyau yana ƙyalli kamar azurfa. In cikinsa ya yi rawaya, mansa ya lalace, kuma babu dabarar da za ta ɓoye wannan warin.

Ka jiƙa shi a ruwan sanyi tare da kombu, busasshen ganyen tekun da ake kawowa daga tsibirin Hokkaido na Japan, su kwana. Da safe ka ɗora a kan wuta kaɗan. Da ka ga ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gindin tukunya, tsame kombu. In ya tafasa da kombu a ciki, romon zai yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Katsuobushi, figaggen kifin da aka yi wa hayaƙi, shi ne na ƙarshe: kashe wuta, zuba, minti biyu, tace. Kada ka matse, na ga kana matsewa.

Haɗa ganyen da kifin ba ado ba ne. A 1908 wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba kombu daɗinsa, ya kira ɗanɗanon umami, a 1913 kuma ɗalibinsa Shintaro Kodama ya gano wani a katsuobushi. In suka gamu a baki, daɗin ninkuwa yake yi.

Za ka ce a Aomori, can arewacin Japan, ai akwai shagunan da ke dafa niboshi har romon ya yi kauri, launin siminti, da ɗacinsa. Gaskiya ne, amma su da gangan suke yi, kai kuwa kuskure ne.

Gobe ka sammako, kwandon niboshi na jiranka. Kuma kada ka sa gishiri a tukunya. Gishirin yana cikin abin da Japanawa ke kira "tare", wato ruwan ɗanɗanon da ake zubawa a gindin kwano kafin romo.